Wanda Ke Kiran Daudawa Ran Alhamis

Sallama gare ku masu bin wannan shafi, da masu karatu a kicin suna barin miya tana kamu, da masu yi a ofis suna ɗaure fuska kamar aiki suke. Ga wanda yau ya fara leƙo mu, sunana Suwaibatu, haifaffiyar Ƙanƙara. Labarin nan na ƙuruciyata ne, lokacin da arzikin man fetur ya fara malalowa har ƙauye, muna cikin jihar Kaduna, ba a yanke mana Katsina ba tukuna. Yau kaina zan tona wa asiri. Duk wadda ta san ba ta taɓa ɗaukar wayar saurayinta ta leƙa ba, ita kaɗai na yarda ta zage ni.

Ina da shekara goma sha tara aka ɗauke ni aiki a wani ofishin gwamnati a garinmu. Kada ku tambaye ni sunansa, har yau ina jin nauyin takardar da na sa wa hannu. Aikina tarho. Layi ɗaya tal ofishin yake da shi, da rassa huɗu zuwa ɗakunan manya. Ni kuwa ina wani ɗan ɗaki can ƙurya mai taga ɗaya, gabana akwatin katako mai ramuka da igiyoyi, a kunnena abin sauraro. Idan ma'aikaci yana son waya, sai ya aiko 'yar takarda da sa hannunsa. In murɗa hannun akwatin in kira Funtuwa, su haɗa ni da garin da ake so, in faɗa wa mutanen can sunan mai kira, in soka igiya a ramin ɗakinsa, sannan in zare abin sauraron in ajiye a kan tebur. Idan ya gama, wani ɗan murfi ya faɗo a jikin akwatin, ni kuma in buɗe rajista in rubuta wane ne, ina ya kira, ƙarfe nawa, minti nawa.

Ranar da na fara, babban akawunmu Alhaji Lawwali ya ɗora tafin hannunsa a kan rajistar, ya dube ni ta saman tabarau.

"Yarinya, wanga ba littafin hira ba ne. Abin da ke ciki, daga ke sai ni, sai wanda ya zo da takardar izini daga sama. Ba ki gaya ma kowa wa ya kira wa. Ba ki sauraren maganar mutane. Ƙananan ma'aikata kuma, masinja, direba, mai gadi, ba su da hurumin waya. Kin ka karya ɗaya, ga ƙofa nan."

Na ce na ji. Ya ba ni ɗan makullin durowa, na zura shi a zare na rataya a wuya, ina ji da kaina kamar an ba ni makullin Baitulmali.

Babana masinja ne a wannan ofishin, ya fi shekara ashirin yana yawo da fayil a hammata, shi ma ya yi mini hanyar aikin. Mahaifiyata ta rasu shekara biyar kafin nan, bai ƙara aure ba. Mutum ne mai kunya ta fitar hankali, ko mai nono ce ta gaishe shi sai ya dubi ƙasa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Yayarsa, Gwaggo Talatu, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ita ke mulkin gidajen biyu. Idan Gwaggo ta yi tari a can, Baba a nan sai ya gyara zama.

To, ga Maharazu. Malamin gona ne a ofishinmu, ɗan Sabuwa, dogo, baƙi, da wushirya. Yana da jan babur da wando mai faɗin ƙafa wanda ke share masa hanya kafin ya iso, da agogon da yake yawan dubawa don a gani. Ni dai ban san ranar da na faɗa ba. Na dai wayi gari in na ji ƙarar babur sai in gyara ɗaurin ɗankwali, alhali a ɗakina ba mai ganina sai ƙadangaren taga. Bai tsaya wasa ba, ya turo manyansa daga Sabuwa da ƙwaryar goro da alewa.

A gidanmu ba a raba goron neman aure sai an gama binciken mutum. In aka raba wa dangi, an karɓe shi. In aka mayar, magana ta mutu. Gwaggo ta ɗauke goron ta naɗe a ganye ta tura ƙarƙashin gadonta, kullum da safe ta yayyafa masa ruwa, ta ce sai ta san yaron nan ciki da bai.

Ban damu ba, don na san ba za ta samu komai ba. Ashe ni ce zan fara samu.

Duk ranar Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya daidai, sai Baba ya turo ƙofar ɗakina ya ajiye mini 'yar takarda, ya juya da sauri. A jikinta: Maharazu, Daudawa. Lambar wani ofishi ce a can. Makon farko ban kawo komai a raina ba, malamin gona da Daudawa ai ba abin mamaki ba ne, ƙasar auduga ce. Na murɗa, aka haɗa, wani tsoho mai gadi ya ɗauka, na ce, "Kira daga Malam Maharazu, Ƙanƙara." Kafin in zare abin sauraro, sai na ji tsohon ya daddage ya kwarma ihu:

"Zainabu! Ke Zainabu! Maharazu na Ƙanƙara!"

'Yan uwa, auduga ce ake kira Zainabu?

Na zare na ajiye, kamar yadda doka ta ce. Na zauna ina kallon agogon bango. Minti goma sha biyu. Da hannuna na rubuta. Mako na biyu, minti goma sha huɗu. Na uku, goma sha bakwai, har alƙalamina ya huda takardar. Ku 'yan yanzu kuna kukan saurayi ya goge saƙo. Ni fa ni ce ke haɗa shi da ita, in ƙidaya musu minti, in rubuta da kyakkyawan rubutu, in kulle a durowa, in rataya makullin a kan ƙirjina.

Da Maharazu ya zo zance bayan la'asar, na fito cikin atamfata mai ruwan ganye, na rangaɗa kwalli, na ɗaure fuska tamau.

"Malama Suwaiba, yau lafiya? Wa ya taɓa mani ke?"

"Ba kowa. Ya mutanen Daudawa?"

Ya ɗan yi turus, ya sosa ƙeya. "Suna lafiya."

"Auduga ta yi kyau bana?"

"Alhamdu lillahi."

"Haka nake ji. Har magana take yi."

Ya yi dariya, ya ce ashe rajistar gwamnati ta fara fitowa zance. Nan na kama bakina, don gaskiyarsa ce, ko wannan habaicin da na yi ya isa a kore ni. Na koma ɗaki na kwanta rub da ciki ina zana Zainabu a zuciyata. Na ba ta farar fata, na ba ta gashi har gadon baya, na sa ta yi makarantar 'yan mata a birni. Duk abin da ba ni da shi sai da na ba ta.

Alhamis ta huɗu na karya doka. Ba kuskure ba ne, ba mantuwa ba ce, tun a gida na ƙudura. Baba ya ajiye takarda ya fita, na haɗa, tsoho ya yi ihunsa, na soka igiya a ramin ɗakin Maharazu. Na tashi na tura ƙofa, na dawo na bar abin sauraro a kunnena, na toshe bakin maganar da gefen gyalena. Na kasa kunne.

Wata murya ta ce, "Salamu alaikum." Muryar mace, amma ba ta yarinya ba. Irin muryar da ta sha hayaƙin murhu.

Sai aka yi gyaran murya daga ɓangarenmu. Gyaran muryar da nake ji kullum da asuba ta bayan katangar ɗakina.

"Wa alaikumus salam, Zainabu. Ya ƙafar taki? Kin shafa man da na aiko maki?"

"Na shafa, Malam Gide, ta yi sauƙi. Kai ne dai na ji muryarka ta rame. Ba ka cin abinci ko?"

"Yo murya tana rama?"

"Taka dai ta rame."

"Ke kin ka ja. Shekaranjiya na sayi waina a bakin tasha, loma ɗaya na yi na aje. Na ce wagga ba waina ba ce, ɓarnar shinkafa ce. Kin ɓata mani baki, Zainabu."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Babana. Babana da ke duban ƙasa in mai nono ta gaishe shi.

Na fizge abin daga kunnena kamar ya ƙone ni. Na cusa gyale a baki ina dariya har cikina ya ƙulle, sannan ban san lokacin da ta juye kuka ba. Rabona da jin wannan dariyar tasa tun mahaifiyata na da rai. Na yi murna, wallahi na yi murna, kuma na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Komai ya fito mini fili. Aikin kai wasiƙa yana kai Baba Daudawa, can ya ga wata dattijuwa mai tuyar waina a bakin ofishi. Masinja ba shi da hurumin waya, sai Maharazu ya ara masa sunansa da ɗakinsa, shi ya koma bakin ƙofa yana gadi. Da murfin ya faɗo na rubuta Maharazu, Daudawa, minti goma sha tara, ina murmushi ni kaɗai kamar wata taɓaɓɓiya.

Murnata ba ta yi kwana uku ba.

Muna zaune a tsakar gida bayan azahar, Baba na cin tuwon dawa da miyar kuka, sai ga Gwaggo ta faɗo ko sallamar kirki babu, mayafi a kafaɗa, kwandon cefane a hannu.

"To! Ai ga irinta nan. Na ce maku ruwa ba ya tsami banza."

Baba ya ce, "Yaya, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Yanzu a kasuwa na gamu da wata mai barkono 'yar Daudawa. Ina cewa ɗiyarmu wani Maharazu ke nema, sai ta riƙe haɓa. Ta ce wane Maharazu, na Zainabu? Ta ce duk Daudawa ba wanda bai san shi ba. Duk Alhamis mai gadi shina kwarma sunanshi har masallaci ana ji!"

Lomar da ke bakin Baba ta bi ta inda ba hanyarta ba. Ya hau tari, idonsa ya kawo ruwa. Na miƙa masa moɗa ina kallon gefe, shi ma ya karɓa yana kallon gefe.

Ku duba ikon Allah. Gwamnati ta sa na yi rantsuwa, ta ba ni durowa da makulli, ta hana ni gaya wa ko matashin kaina, ga tsoho can yana shelanta abin da ke ciki da iyakar ƙarfinsa. Kuma wa ke ba shi sunan? Ni.

Gwaggo ta juyo kaina. Ita ma ba ta faɗin sunana, na mahaifiyarta ne. "Ke, Mai-sunan Inna. Ba ke ce mai tarhon ba? Shina kira ko ba shi kira?"

"Gwaggo, ba a faɗi."

"Mi ne ne ba a faɗi?"

"Doka ce. Na sa hannu."

"Doka ta ci gidansu! Ni na yanke maki cibi. Gobe ki ɗauko mani littafin nan in kai a karanta mani."

"Ba ya fita ofis, Gwaggo."

"To ni ina da ƙafa."

Na ɗauka cika baki ne. Ranar Litinin da hantsi ina zaune a ɗakina na ofis na jiyo muryarta a baranda. Ta ci ado, leshi mai ruwan ƙwai, awarwaro har gwiwar hannu, turare na tashi, kai ka ce suna za ta. Na leƙo ta ƙofa na hango ta tsaye a gaban teburin Alhaji Lawwali.

"Alhaji, littafin tarho na zo gani. Layi ɗaya kawai, na yaron ga Maharazu."

"Baiwar Allah, ba ya yiwuwa."

"Auren ɗiya ne fa. Bincike muke."

"Ko uwar da ta haife shi ta zo, ba ta gani. Gwamnati ta aje littafin ga don ta san ana aiki da wayarta, ba don a auna surukai ba. Yau in na buɗe maki nashi, gobe wani ya zo a buɗe mishi na wani, jibi ba mai sauran mutunci a ofishin ga."

"To ka duba kai, ka ɗaga mani gira in haka ne."

"Girar tawa ma ta gwamnati ce har ƙarfe uku da rabi."

Akawuna suka sunkuyar da kai suna ƙyaƙyatawa. Baba kuwa, da ya hango yayarsa tun daga ƙofar shiga, ya rungumi wani fayil ya yi bayan ofis, ba a ƙara ganinsa ba sai da ta tafi. Ta fita tana faɗin wanda bai da abin ɓoyewa ba ya kulle durowa.

Abin ya ba ni dariya, amma da na zauna na yi tunani sai dariyar ta ɗauke. Ko da Alhaji ya buɗe mata, me za ta gani? Sunan Maharazu, sau huɗu, da rubutuna. Littafin ba zai wanke shi ba. Bakina ne kaɗai zai iya, kuma in na buɗe shi, na tona cewa na saurara, na jawo wa Maharazu takardar tuhuma, na jawo wa Baba kora a ƙarshen aikinsa. Gaba kura, baya siyaki.

Talata da la'asar Gwaggo ta sa aka kira Maharazu. A zaure aka zauna, ita a kan kujera 'yar tsugune, Baba a gefen tabarma da carbi, ni kuma ina bayan ƙyaure, kunne a manne. Kun dai san yanzu sauraro ya zama mini sana'a.

Maharazu ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Wace ce Zainabu?" Gwaggo ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Gwaggo, wallahi tallahi ba ni neman kowa a duniyar ga sai Suwaiba."

"Ban tambaye ka wa kake nema ba. Kana kiran Daudawa?"

"Da sunana ake kira."

"To mi ke tsakaninku?"

"Amana ce, Gwaggo. Ba tawa ba ce balle in faɗi."

Ta tafa hannu. "Kun ji ko! Amana! Haka suke cewa duka."

Ta cikin tsagar ƙyaure na ga Baba yana jan carbi da sauri kamar ana biyo shi. Ya buɗe baki.

"Yaya, da dai an bi a hankali..."

"Kai yi mani shiru, Gide. Tun kana yaro ba ka da baki, yau za ka yi? Goro dai ba ya jira, ya fara yaushi. Ran Juma'a in an sauko masallaci, ko in ji gaskiya, ko Harisu direba ya kai masu abinsu Sabuwa."

Baba ya rufe bakinsa. Maharazu bai ko dubi inda yake ba, don kada idonsa ya tona shi. Wannan abin da ya yi, shi ya ƙarasa ni. A ranar na san ko bukka ce zan bi shi.

Na zagaya ta ƙofar baya na tare shi yana tura babur.

"Ka faɗa mata mana!"

"Malama Suwaiba, in na buɗe baki, wani dattijo zai rasa aikinshi da mutuncinshi rana ɗaya."

"Ni kuma ka rasa ni?"

Ya daɗe yana murza hannun babur. "Ina roƙon Allah kada a kai nan. Ki yarda da ni, ko da ba ki gane ba."

Na so in ce na gane, na fi ka ganewa, har zancen waina na sani. Na kasa. Na so kuma in ɗauki muciya in rafka masa a ka, don wane irin mutum ne zai bar aurensa ya ruguje saboda alkawari? Ina sonsa, ina jin haushinsa, duk a lokaci guda. Ya hau babur ya tafi, ƙafar wandonsa na kaɗawa.

Ran Laraba na ce ni zan yi wa Baba magana. Sau uku ina gwadawa. Da safe na kai masa koko na tsuguna na ce, "Baba..." Ya ɗago. Na ce, "Sukari ya ji?" Da rana a ofis na ce, "Baba..." sai na tambaye shi ƙarfe nawa, ga agogo a bango yana kallonmu. Da magariba na kai masa buta, ko "Baba" ɗin ma ban iya ba. Ku da kuka tashi kuna hira da iyayenku kamar ƙawaye ba za ku gane ba. Ta yaya ɗiya za ta dubi idon ubanta ta ce na ji ka kana zance? Shi ma na lura abinci ya daina shiga masa, yana zaune yana kallon katangar gidan Gwaggo kamar wanda aka ce ya tsallake ta.

Alhamis ta zo. Na sa atamfar da na fi so, na ɗaura ɗankwali ya ƙi zama, na sake ya ƙi, na bar shi a karkace. A ofis ban iya komai ba sai kallon agogo. Ina ta cewa a raina, yau ba zai kira ba, ai ko kunya ta hana shi.

Ƙarfe goma sha ɗaya ƙofa ta buɗe. Baba ya ajiye takardar. Ya gyara hularsa ya fita.

Na dubi takardar. Maharazu, Daudawa. Sai wani abu ya faɗo mini. Me ya sa mutumin da ba ya iya duban mai nono ya iya zuba zance haka? Don a waya ba ido. To ai ni ma ɗiyarsa ce.

Na murɗa, Funtuwa suka haɗa ni. Tsoho ya ɗauka. Na ce, "Baba mai gadi, a kira Zainabu, amma don Allah a hankali, ba sai an faɗi suna ba."

"To, to," in ji shi. Sannan ya daddage. "Zainabu! Mutumin naki!"

Na soka igiya. Ban zare abin sauraro ba, ban kuma toshe bakin maganar ba. Na ji Maharazu ya ɗauka, na ji ya miƙa, na ji takunsa zuwa ƙofa. Na ji sallamar Zainabu. Na ji gyaran murya. Na runtse ido.

"Baba, ga Daudawa."

Shiru. Irin shirun da har ƙugin waya kake ji tun daga nan har Funtuwa.

"Wa ke nan?" in ji Zainabu. "Malam Gide? Ɗiyar taka ce? Uwar taka da kake ba ni labari?"

Can Baba ya ce, da wata 'yar murya, "Uwata. Tun yaushe?"

"Tun waccan Alhamis, Baba. Ka yafe mani."

"Kin ji... har zancen waina?"

"Har shi."

Zainabu ta fashe da dariya, har da salati. Ni kuwa hawaye ne ke bin kumatuna. Na ce, "Baba, gobe Juma'a."

"Mi ake gobe Juma'a?" Ta tsagaita da dariyar.

Ni na amsa. "Gobe za a mayar da goron aurena, Inna. An ce Maharazu na da wata Zainabu a Daudawa."

"Innalillahi! Ni? Ni da jikoki uku?" Muryarta ta sauya. "Malam Gide, haka ne? Kana zaune?"

"Nauyi ne, Zainabu. Yaya ce... ba ki san Yaya ba. Yau ma kira na yi in ce maki mu dakata da wayar ga, ko ƙura ta lafa."

"Mu dakata, goron yarinya kuma ya tahi Sabuwa? A'a. Ni dai ba ni auren namijin da ke ɓuya bayan yaro. In tuyar waina kake so, akwai ta a tasha."

Na ji kujera ta motsa, kamar Baba ya miƙe tsaye. Da ya sake magana, muryar ba ta rame ba.

"Uwata, rajistar na gabanki?"

"Tana nan, Baba."

"Kin rubuta na yau?"

"Tukuna."

"To kada ki sa sunan yaron ga. Nawa za ki sa. In kin gama ki kai ma Alhaji Lawwali da hannunki, abin da zai yi mani ya yi. Ni kuma in an tashi, gidan Yaya zan fara shiga, kafin in cire takalmi."

Tunda aka haife ni ban taɓa faɗin sunan ubana ba, ban taɓa rubuta shi ba. Na jawo rajista, na goge idona da bayan hannu don kada hawaye ya ɓata takardar gwamnati, na dafa alƙalami na rubuta shi a hankali, baƙi bayan baƙi.

"Na rubuta, Baba."

"Madalla. To cire abin nan daga kunnenki, ban gama magana da Zainabu ba."